Mai Aikin Sa-Kai da Shugaba Mai Taurin Kai

 

Kusan duk wanda ke zaune a ɗakin nan ya san wannan takaici: ka bar sana'arka, ka ƙona man mashin ɗinka, ka yini cikin rana kana wa jama'a hidima ba ko sisi, sannan shugaban da ko leƙowa bai yi ba ya yanke hukunci a kan aikin ba tare da ya tuntuɓe ka ba. Ma'aikacin albashi yana iya haɗiye wannan, don ƙarshen wata na tafe. Ɗan sa-kai kuwa, ladansa a duniya shi ne mutunci da jin cewa aikin nasa ne. Ko a gayya ma, mai gona ba ya tsawa. Fura yake kawowa, ya yi godiya.

Zan ɗauko misali daga Wikipedia, kundin nan na intanet da 'yan sa-kai ke rubutawa kyauta da harsuna da yawa, har da Hausa. An kafa shi a 2001 a ƙarƙashin Bomis, kamfanin su Jimmy Wales. A Fabrairun 2002 jagoran aikin, Larry Sanger, ya ambaci yiwuwar a fara saka tallace-tallace a shafukan. Masu rubutu da Sifaniyanci suka ce ba su yarda wani ya ci riba da guminsu ba. Edgar Enyedy ya shige gaba, suka kwafe rubuce-rubucensu, suka koma na'urar Jami'ar Sebiya a ƙasar Sifen, suka buɗe nasu kundin. Sashen Sifaniyanci ya zama kamar kango har tsawon lokaci. A shekarar aka mayar da adireshin daga .com zuwa .org, a 2003 aka kafa gidauniyar Wikimedia wadda ba ta neman riba, kuma har yau babu talla a Wikipedia. Wales yana cewa tun asali bai yanke shawarar saka talla ba. To, ko ma yaya ne, da Enyedy shi kaɗai ya yi fushi ya tafi, da wa zai lura?

Abin da nake so mu tsaya a kansa ke nan. Mafi yawanmu idan shugaba ya ishe mu, sulalewa muke yi. Mutum ya daina zuwa taro, in an tambaye shi ya ce "uzuri ne ya yi yawa". Kunya ce da kawaici, ban raina su ba, amma shugaban bai ji komai ba. Shi a wajensa raggo ɗaya ne ya ragu. Gobe ya samu wani yaro mai ɗoki, ya ƙona shi yadda ya ƙona ka.

A Agustan 2014 rikici ya sake tashi. Gidauniyar ta kawo sabuwar manhajar kallon hotuna, 'yan sa-kai na Jamusanci suka ƙi ta, suka kashe ta a sashensu. Sai ofishin gidauniyar ya ƙirƙiro wani kulle na musamman da ya fi ƙarfin kowane ɗan sa-kai, ya garƙame shafin da suka bi suka kashe ta. Wannan karon ba ƙaura aka yi ba. Wasiƙa aka rubuta, buƙatunta biyu rak: a cire kullen, a bar kowane sashe ya zaɓi abin da yake so. Mutum kusan 1,000 suka sa hannu, kowa a fili. Ku lura, nasarar rabi ce: manhajar ta zauna, kuma sai a Nuwamban 2015 aka soke kullen gaba ɗaya. Wanda bai da haƙurin wata 15 kada ya fara. Amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma jama'ar sun ɗanɗana. A Janairun 2016, da aka naɗa Arnnon Geshuri cikin kwamitin amintattu, alhali sunansa ya fito a badaƙalar manyan kamfanonin fasaha na Amurka da suka haɗa baki kan hana juna ɗaukar ma'aikata, 'yan sa-kai suka kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa, bai cika wata ba ya sauka.

Kada dai a ji ni ba daidai ba. Taro ma yana zalunci, kuma na ga an tsige shugaban kirki don kawai ya hana a taɓa kuɗin asusu. Abin da ya bambanta waɗancan shi ne sun rubuta, sun faɗi takamaiman abin da suke nema, ba su zagi uwar kowa ba.

Su 'yan Sifaniyancin sun iya tafiya ne domin lasisin aikin ya ba kowa damar kwafarsa. Saboda haka idan kun koma ƙungiyoyinku, ku duba: rajistar membobi a hannun wa take? Mutum nawa ke sa hannu kafin a ciri kuɗi a banki? Tsarin mulkinku ya ce membobi nawa ne za su iya kiran taro ko da shugaba bai so ba? Idan babu wannan sashe, shi za ku fara gabatarwa a taro na gaba.