Jawabin Malaman Ajin Karatu a Taron Zagayowar Shekarar Ƙungiya

 

Hajiya Shugaba, Ma'aji, Sakatariya, iyayenmu mata, yayye da ƙanne na nan Kuki, da baƙinmu da suka taso daga Dutsin-Ma da Kurfi, sannunku da zuwa. Allah Ya saka da alheri, Ya mayar da kowa gida lafiya.

An ce mu malaman aji mu tashi mu yi bayanin yadda muke koyarwa. Mun san dalili. Magana tana yawo cewa ajin nan ba ya sauri, wai an ɗau watanni wasu ba su gama baƙaƙe ba, gara a kwashe kuɗin alli da littattafai a zuba cikin asusun injin niƙa. Masu wannan magana ba maƙiyanmu ba ne, kuɗinsu ne, suna da hakkin su tambaya. To ga amsarmu.

Matar da ta shigo ajinmu ba ta zo da kai fanko ba. Wadda ta shekara ashirin tana ƙuli-ƙuli ta san man da tiyar gyaɗa za ta ba ta tun kafin ta kai niƙa. Ta san abin da itace ya ci, ta san ladan yarinya mai talla, ta san ranar da ta faɗi da ranar da ta tsira da uwar kuɗi. Uwar adashi tana riƙe zubin mata goma sha biyar a ka, wa ta kwasa, wa ta rage, wa ta tsallake mako, ba ta rikicewa. Wannan ai lissafi ne, kuma mai wuya. Abin da ya rage mata shi ne ta iya sa shi a takarda, ta kuma iya karanta wanda wani ya sa. Saboda haka ba mu fara mata da "ba, bi, bu" kamar 'yar aji ɗaya. Muna farawa da abin da ke ƙulle a bakin zanenta.

Littafinmu na farko takardar kuɗi ce, kuma babu wasa a ciki. Ku ciro naira ɗari biyar ku duba, akwai lamba, akwai kuma rubutun ajami da ya faɗi adadin da Hausa. Haka ɗari biyu, haka dubu. Yawancinmu mun yi makarantar allo ko Islamiyya, idonmu ya saba da waɗannan baƙaƙe. Ƙananan takardun kuwa, naira biyar zuwa hamsin, tun 2007 aka cire musu ajami aka sa Hausar boko. Sai mu jera hamsin da ɗari biyar a kan tabarma: ga "naira" da ajami, ga "naira" da boko. Mace ta dube su, ta sake dubawa, sai ka ji ta ce, "Yo ashe abu ɗaya ne!" Daga ranar ta daina tsoron boko, domin ta gane riga ce kawai aka sauya wa kalmar da ta sani.

Daga kuɗi sai sunanta. Muna daɗewa a nan, kuma da gangan ne. Duk wadda ta taɓa dangwala yatsa a tawada a gaban mutane, wani yana nuna mata gurbin da za ta danna, ta san abin da ake ji. Ranar da mace ta rubuta sunanta da na mahaifinta a rajistar zubi da hannunta, aji yakan tsaya a yi guɗa. Wasu na ganin ɓata lokaci ne. Mu dai ba mu hana guɗar.

Wannan hanya ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan ƙauye su zama malamai kafin ta amince musu ba. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, ta koya mata karatu cikin waƙa da harshen da mata ke ji, jajin kuma ta koma garinsu ta koyar da 'yan uwanta. Su ne 'Yan Taru. A shekarun 1950 kuma aka yi Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, kuma Malam Ahmadu Kumasi, mutumin Katsina, yana cikin jagororinsa. Can ƙasar Barazil ma, wani malami mai suna Paulo Freire ya koya wa manya kusan 300 karatu a garin Angicos a 1963, da kalmomin aikinsu na yau da kullum. Shi ne ya soki irin koyarwar da ake ɗaukar ɗalibi kamar asusu, malami na ta jefa masa ilimi ta ƙaramar kafa, shi kuwa yana zaune shiru. Mu da muka san asusu mun fahimce shi sarai: abin da aka jefa ciki ba ya haihuwa, kuma sai an fasa ake ganinsa.

Shi ya sa ajinmu yake da surutu. Wanda ya leƙo zai zaci biki ake. Mukan kawo matsala ta gaske, misali wata ta karɓi rancen dubu ashirin ta sayi tunkiya, ga kuɗin dusa, ga na allura, ga abin da aka taya kafin Babbar Sallah, ta sayar ko ta jira? Sai gardama ta kaure. Kafin a tashi an yi tarawa, an yi ɗebewa, an rubuta "dusa" da "rance" da "riba", kuma babu wadda ta yi gyangyaɗi.

Akwai abin da muka haramta wa kanmu: kunyata babba. Ba mu tsayar da uwa a gaban allo sa'ar 'yarta tana mata dariya. Ba mu cewa "ba ki gane ba?" Mukan ce "bari mu sake bi ta wata hanya." Wadda aka kunyata sau ɗaya ba ta dawowa, kuma ba za ta ce an kunyata ta ba, za ta ce maigida ne ya hana, ko aiki ya yi yawa. 'Ya'yanmu da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, idan sun zo hutu suna taya mu, Allah Ya yi musu albarka. Abin da muke fara gaya musu ke nan: ki durƙusa ki gaida ɗalibarki, ki kira ta Inna ko Gwaggo kamar yadda kike kiranta a gida, sannan ki ɗauki alli.

Yanzu maganar jinkiri. E, muna tafiya a hankali. Damina ta zo a tafi gona, kaka ta zo a shiga sussuka da casa, ga haihuwa, ga jinya, ga halin tsaron da kowa ya sani, wanda ya sa dole mu tashi da sauran rana. Mace ta yi mako uku ba ta zo ba, in ta dawo ba mu tuhumarta, sai mu haɗa ta da wadda ta yi gaba su zauna gefe. Wadda ke koyarwar ma karatunta ƙara zama yake. Da sauri muke so, da mun bi 'yan ƙalilan masu kaifin kai mun bar sauran, a ƙarshen shekara a yi taro a raba takardar shaida a ɗau hoto. Amma waɗanda za a bari su ne suka fi yawan zubi a ƙungiyar nan.

Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace. Ciniki ya koma ta waya. Mace ta sayar da mai, mai saye ya nuna mata fuskar waya ya ce ya tura, ita kuwa ba ta iya bambance dubu biyu da dubu ashirin, sifiri ɗaya ne tsakaninsu. Wata sai ta miƙa wa mai POS katinta, ta kuma faɗa masa lambar sirri da baki a gaban jama'a. Tun daga lokacin muka sa karanta saƙon banki cikin darasi: ina adadin, ina ranar, shiga ne ko fita, nawa ya rage. Wannan darasi ko mai ciwon kai ba ta yarda ya wuce ta.

Injin niƙa abu ne mai kyau, mu ma muna so. Sai dai in an saye shi, kullum kuɗi zai shiga, kuɗin mai da na gyara su fita, kuma wani zai rubuta. Su wa za su karanta? Sakatariyarmu da Ma'ajinmu masu amana ne, mun shaida. Amma ƙungiyar da mutum biyu kaɗai ke iya duba littafinta tana ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu, kuma ranar da lissafi ya ɗan karkace, ko da kuskuren biro ne, zargi zai shigo, zumuncin shekaru ya lalace. Ba a nesa ba mun ga ƙungiyoyin da suka watse a kan haka.

Don haka muna roƙon wannan taro abu biyu. A bar wa aji kasonsa yadda yake. Sannan daga wata mai kamawa, a kowane taron wata, ɗaya daga cikin ɗalibai ta tashi ta karanta shafin shiga da fita da bakinta, Sakatariya na gefenta. Za ta yi in'ina, za ta tsaya a kan wata lamba, a yi haƙuri a jira ta. Wata na gaba kuma wata ce za ta tashi. Mun riga mun tambaye su, akwai waɗanda suka ce sun shirya.

Masu son shiga sabon aji su ba da suna wurin Sakatariya bayan an ci abinci. A zo da fensir da littafi mai layi, wadda ba ta da shi kuma ta zo haka nan, akwai allo. Mai goyo ta zo da goyonta.