Yaushe Zuma ke Isa Ɗiba?

Zuma ba ta isa ɗiba sai ƙudan zuma sun liƙe ramukan saƙarta da kaki. Kafin nan ruwa ya yi mata yawa, in an zuba a kwalba sai ta yi kumfa, ta yi tsami. Nunanniya ruwanta ba ya wuce kashi 20 cikin 100.

A kwarin Gulbin Maraɗi, daga Jiratawa zuwa Tibiri, ƙudan kan samu furen gawo bayan damina, na mangwaro da hunturu. Amyar gargajiya ba a ganin cikinta, sai dai mai ita ya jinjina ta da dare ya ji nauyi. In ya buɗe, liƙaƙƙiyar farar saƙa ake yanka. Mai launin ƙasa-ƙasa 'ya'yan ƙudan ne a ciki, babbake ta da wutar kara asara ce.