Gyaran Sitiyarin Tsohuwar Mota

Yau sharhinmu kan masu riƙe da tsofaffin motoci ne, irin su Peugeot 504 da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, waɗanda ke kai su gareji a gyara musu sandar sitiyari don tuƙi ya yi daɗi.

Buƙatar gaskiya ce. Dogon direba ko mai ƙiba yakan sha wahala idan sitiyari na tokarar cinyarsa. Shi ya sa kamfanin General Motors na Amurka ya fito da sitiyari mai ɗagawa da saukewa a 1963. A 1967 kuma ya kawo sanda mai naɗewa idan aka yi karo, don kada ta soki ƙirjin direba.

Nan ne fargabata take. Makanikin da ya yanke sandar ya liƙe ta da walda yana iya kashe wannan kariya, ko ɗinkin ya tsinke ana tsakiyar gudu.

Don Allah, a fara da daidaita kujera. In hakan bai wadatar ba, a sayi cikakkiyar sanda da ta dace da motar, ƙwararre ya ɗaura ta.