Ƙananan Makarantu na Karkara: Jawabin Ranar Jubili

 

A ranar murna irin ta yau, daidai ne mu waiwaya baya. A shekara ta 1924 masu aikin mishan na SIM suka sauka a Damagaram. Daga baya aka kafa tasha a Tsibiri, cikin ƙasar Gobir, a 1950 kuma aka buɗe asibitin Galmi. Duk inda bishara ta sauka, karatu yana biye da ita, gama wanda ya ba da gaskiya yana marmarin ya karanta Littafi Mai Tsarki da idonsa. Kakanninmu da yawa a gindin itace suka koyi baƙaƙe, mutum biyar ko shida a kan tabarma ɗaya. Sa'ad da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, yaran da su ke zuwa makarantar boko ba su kai 5 cikin 100 ba. Yawancinmu da mu ke riƙe da wannan takarda, daga ƙaramar makaranta muka fito. Domin wannan mu ke so mu yi maganar ƙananan makarantu na karkara, da yadda za a riƙe su kada su mutu.

Ku dubi ƙasarmu. Jihar Agadas ta fi rabin faɗin Nijar duka, amma a ƙidayar 2012 mutanenta ba su kai dubu 500 ba. Jihar Maraɗi kuwa, ga ta 'yar ƙarama, tana da mutum fiye da miliyan 3. Ko cikin jihar Maraɗin ma, in ka nufi arewa ka wuce Dakwaro, sai garuruwa su yi ta nisa da juna. Haka kuma arewacin Tanut da wajen Abalak: rijiya ɗaya, da 'yan gidaje, sai daji.

Masu lissafi sukan ce, "Ga malami ɗaya a birni yana koya wa yara 60, ga wani a tunga yana zaune da yara 20, albashinsu kuwa ɗaya ne. A rufe ta tungar, a kai yaran babbar makaranta." Ba mu raina wannan magana ba, gama kuɗi ba su da yawa. Amma akwai abin da lissafin ya bari a baya. Yaro mai shekara 7 ba ya iya tafiyar sa'a biyu cikin rairayi da safe, ya komo da yamma. Uwa kuma ba ta yarda 'yarta ta ratsa daji ita kaɗai. In an rufe makarantar, yaro biyu ko uku daga cikin manyan maza za su tafi. Sauran kuwa, watau ƙanana da 'yan mata, sun bar karatu ke nan har abada. Mun ga abin da rufe makaranta ya ke jawowa a jihar Tillaberi, inda rashin zaman lafiya ya sa aka rufe makarantu ɗaruruwa. Abin da masu bindiga suka yi da ƙarfi, kada mu bari sakaci ya yi shi a hankali. Ku tuna da makiyayin nan na cikin misalin Ubangijinmu, wanda bai ga tunkiya ɗaya ta yi kaɗan da za a tafi nemanta ba.

Abu uku ne su ke kashe ƙaramar makaranta.

Na fari, malami ya tafi. Saurayi ne aka aiko daga nesa, ba shi da ɗakin kwana, albashi kuma sai ya yi tafiyar yini kafin ya karɓa. Ba a daɗewa sai ya nemi canji. Alhali kuwa malami ɗaya mai haƙuri yana iya riƙe aji biyu ko uku cikin ɗaki ɗaya, manyan yara suna taimakon ƙanana.

Na biyu, yunwa. In rumbu ya yi ƙasa, iyali sukan tashi cin rani, makiyaya kuma su bi ciyawa, yara su bi su. Haka ya faru a farin 1973 da na 1984, da kuma yunwar 2005. Tun kafin mulkin kai an gane wannan, shi ya sa makarantun da aka buɗe domin 'ya'yan makiyaya aka haɗa su da abinci. Inda tukunya ta ke kan wuta da rana, yara ba su watsewa.

Na uku, ɗakin karatu. Ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an sami kara, ruwan fari kuma yana rushe shi, sai shekarar karatu ta gajarce gaba da baya. Ga kuma hatsarin wuta. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai, yara wajen 20 suka rasu. A watan Nuwamba na 2021 kuma aka sake yin haka a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Allah ya ta'azantar da iyayensu.

To, ina za a sami abin riƙe makaranta? Biyan malamin makarantar gwamnati hakkin gwamnati ne, ya kamata mu riƙa tuna mata cikin ladabi. Masu taimako daga ƙasashen waje kuma muna gode musu, amma baƙo raɓa ne. Abin da zai dawwama shi ne abin da ya fito daga gonakinmu.

Ga shawararmu. Manomi ba shi da kuɗi a hannu kowane wata, amma yana da hatsi da kaka. Saboda haka a yi wa makaranta rumbunta. A ce gari yana da gida 30, kowane gida ya kawo dami 2 ranar baikon godiya, an sami dami 60. Wanda ba shi da gero ya kawo wake, ko akuya, ko ƙarfin jikinsa. A kasa hatsin kashi uku: ɗaya domin kunun yara, ɗaya domin malami da iyalinsa, ɗaya kuma a ajiye har bazara sa'ad da hatsi ya yi tsada, a sayar a sayi alli da littattafai da kwanon rufi. Da rani a yi gayya, a buga tubali, a gina aji ɗaya da ɗakin malami. Mutum uku su riƙe rumbun, ɗaya daga cikinsu mace daga Zumuntar Mata, a kuma karanta lissafi a gaban jama'a sau biyu a shekara. Inda ba a karanta lissafi, zato yakan shiga, hannu kuma ya janye.

Inda makarantar ta gwamnati ce, ku shiga kwamitin iyaye da ke kula da ita, ku zauna tare da maƙwabtanmu Musulmi, da mai gari, da liman. Rijiya ɗaya mu ke sha, 'ya'yanmu kuma benci ɗaya su ke zama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma 'yan'uwa na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, masu albashi da 'yan kasuwa, kowace ekklisiyar birni ta ɗauki makarantar ƙauye guda ɗaya. Ta san sunan malaminta, ta aika da mutum ya gan ta kafin a koma karatu a watan Oktoba, ta ɗauki abin da rumbu bai iya ɗauka ba. Kada a yi alkawarin makaranta goma a yau saboda zafin biki. Ɗaya ta isa, in dai za a riƙe ta shekara 6, har 'yan ajin fari su gama.

Waɗanda suka koya wa kakanninmu ba su jira sai almajirai sun yi yawa ba. Kafin mu watse, dattawan kowace gunduma su rubuta sunan makarantar da za su ɗauka, da ranar da za a aza rumbunta. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu zuciyar bayarwa, ya kiyaye 'ya'yanmu. Amin.