Ƙwayar Ido Mai Karɓar Gyara Bayan Aikin Yana

Yanar ido, wato dusashewar ƙwayar da ke tattara haske a cikin ido, ba ta jin magani sai tiyata, inda likita ke cire ƙwayar ya dasa ta roba a gurbinta, dabarar da Harold Ridley ya fara a Landan a 1949. Cikas ɗin shi ne ana auna ƙarfin ƙwayar tun kafin aiki, kuma idan ido ya warke awon kan ɗan kauce, sai a koma ga tabarau.

A 2017 hukumar FDA ta Amurka ta amince da ƙwayar kamfanin RxSight, wadda aka yi da silikon mai jin hasken ultrabayolet. Bayan mako biyu zuwa uku da tiyata, likita na haska ta da na'ura, siffarta ta sauya har gani ya daidaita, sannan a kulle ta yadda ba za ta ƙara sauyawa ba. Ta fi amfanar wanda aka taɓa yi wa gyaran ido da leza, domin awon idonsa na da wuya.

Sai dai ba ta dace da mai gajen haƙuri ba, domin ban da tsada da zaryar asibiti, wajibi ne ya riƙa sanya tabarau mai tare hasken ultrabayolet har bayan kullewa.