Ƙaramin Kamfani, Babbar Makaranta



Yau maganarmu a kan ɗalibi ce mai neman wurin sanin makamar aiki, wato SIWES, da matashin da ya gama bautar ƙasa yana zaman jiran aikin gwamnati. Shawarar ɗaya ce: ku leƙa sababbin ƙananan kamfanonin fasaha. A babbar ma'aikata, sau da yawa ɗalibin SIWES yakan wuni yana kai fayil daga tebur zuwa tebur. A ƙaramin kamfani kuwa, hannaye kaɗan ne, aiki da yawa. Da safe ɗalibi yana amsa kiran abokin ciniki, da yamma yana gwada manhaja. Ku dubi ThriveAgric da ke haɗa manoman Arewa da jari da kasuwa. Ku dubi Paystack, wanda matasa biyu suka kafa a Legas, har kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020.

Wani zai ce irin waɗannan kamfanoni suna durƙushewa, albashinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne. Shi ya sa a bincika kafin a shiga, a kuma nemi yarjejeniya a rubuce. Amma ko kamfani ya rushe, ƙwarewar da ka samu tana nan a hannunka, ba mai ƙwace maka ita.

Matasa, ku fara daga ƙofar da take a buɗe. Mu kwana lafiya.