Bagwariya Da Ɗanta: Jawabi A Kan Labarin Bayajidda Da Sunan Da Aka Laƙaba Mana

 

Abin da ya jawo wannan magana ƙarami ne, amma ya hana mu barci. Wata yarinya 'yar aji biyar ta dawo daga makaranta, ta tambayi mahaifinta a gabanmu, ta ce, "Baba, wai mu ne banza?" Ashe a ranar an rubuta musu Hausa Bakwai da Banza Bakwai a allo, ta ga sunan Gwari a layi na biyu, 'yan ajinsu kuwa suka yi ta dariya. Uban ya rasa abin faɗa. Mu ma da muke zaune muka yi shiru, kuma shirun nan ne muke so mu gyara yau.

Bari mu tuna da labarin yadda ake ba da shi a Daura. Wai wani ɗan sarki mai suna Bayajidda ya taso daga Bagadaza ya sauka Borno, inda Mai ya aura masa 'yarsa. Da zama ya ɓaci sai ya gudu da matar, ya bar ta a Garun Gabas kusa da Haɗeja, a can ta haifi Biram. Ya biya ta Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya isa Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce babu, domin macijin da ke rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ya je ya sare kan macijin, sarauniya Daurama ta aure shi.

Yawancin masu ba da labarin a nan suke hanzari, mu kuwa a nan za mu tsaya. An ce Daurama ta ba mijinta wata kuyanga, sunan da ake kiranta da shi kuwa Bagwariya. Ita ce ta fara haihuwar ɗa namiji, ta sa masa suna Karɓagari. Da sarauniya ta haifi nata sai ta mayar da martani, ta kira shi Bawo, wato a maido garin. Ku dubi wannan da kyau: kishin mata biyu ne a gida ɗaya, irin wanda kowannenmu ya sani, har ba sai mun tuna muku da gidan Ibrahim da Saratu da Hajaratu ba. 'Ya'yan Bawo shida suka riƙe Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka cika bakwai. Zuriyar ɗan Bagwariya kuma aka ba su Zamfara, Kabi, Nufe, Gwari, Yawuri, Yarbawa da Kwararrafa, aka ce da su Banza Bakwai.

To, abu na farko da ya kamata yarinyar nan ta ji shi ne, ko a cikin labarin kansa, ɗan Bagwariya wan Bawo ne, ubansu ɗaya. Wanda ya tsara labarin bai iya fitar da mu daga gidan ba. Iyakarsa ya ba mu ɗakin baya.

Irin wannan tsari ba a ƙasar Hausa aka fara shi ba. Helenawa na dā, mutanen ƙasar Girka, suna da labarin Kadmus, ɗan sarki daga Finikiya, shi ma baƙo daga gabas. Ya iso wani wuri ya aiki mutanensa ɗibar ruwa, wani ƙaton maciji da ke gadin maɓuɓɓugar ya hallaka su. Kadmus ya kashe macijin ya kafa birnin Tibis. Baƙo, ruwa, maciji, sarauta: kamar a Daura aka zauna aka tsara shi. Ba muna cewa wani ya kwaikwayi wani ba. Abin da muke gani shi ne, duk inda gidan sarauta yake so ya bayyana dalilin da ya sa shi ne a kan karaga, yakan nemo jarumin da ya ceci gari, ya ce kakansa ne. Sarakunan Sifata sun ce su jikokin Herakilis ne, ɗan Zafsa, gunkin nan da muke jin sunansa a Ayyukan Manzanni.

Akwai wanda ya fi wannan kama da namu. Helenawa sun ce kakansu ɗaya ne, Helen, kuma manyan kabilunsu daga 'ya'yansa da jikokinsa suka fito: Dorus, Ayolus, Iyon da Akayus. A tsohon lissafi Dorus ɗa ne, Iyon kuwa jika. Mutanen Atina suna ɗaukar kansu dangin Iyon, abokan gabansu na Sifata kuma zuriyar Dorus. A ƙarshen ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da biranen biyu suke yaƙi, wani marubucin wasan kwaikwayo na Atina, Yurifidis, ya juya lissafin. Ya mai da Iyon ɗan gunki Afolo, ya mai da Dorus ƙaninsa wanda mutum ya haifa. Da alƙalami kawai aka sauke Sifata daga babba zuwa ƙarami. Helenawan nan kuma duk wanda ba ya jin harshensu sukan kira shi barbaros, wai maganarsa "bar-bar" ce kawai. Mu da muka san abin da ake nufi da kalmar "gwaranci" a Hausa ba ma bukatar a fassara mana.

Saboda haka idan aka ce banza, sai mu tambaya: wa ya faɗa, yana zaune a ina? Lissafin ma bai tsaya wuri ɗaya ba, domin a wasu rubuce-rubucen Borgu da Gurma ne a gurbin Gwari da Kwararrafa. Masana tarihi irin su Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe da nuna cewa garuruwan Hausa sun girma ne sannu a hankali daga ƙauyuka da kasuwanni, ba daga takobin baƙo guda ba. Waɗanda aka kira banza kuma ba su zauna banza ba. Kanta na Kabi ya gina Surame a ƙarni na 16, ya gagari maƙwabtansa. Kwararrafa sun ci Kano da yaƙi a ƙarni na 17, tarihin Kano da kansa ya faɗa. Nufawa suna da nasu jarumin, Tsoede, ba su jira na Daura ba. Kuma duk wanda ya riƙe takardar naira 20 ya riƙe hoton Ladi Kwali, Bagwariya maginiyar tukwane, wadda ta rasu a 1984.

Sai dai mu yi hattara, 'yan'uwa. Mun ji wasu matasanmu suna cewa tunda ɗan Bagwariya ne babba, ashe mu ne masu gari, sauran baƙi ne. Wannan kuskuren Yurifidis ne aka sake masa riga. A ikkilisiyoyinmu na Birnin Gwari akwai Gbagyi da Kamuku da Hausawa da Adara da 'yan kasuwa daga kudu a benci ɗaya. Shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku da na Kuyambana, suka tare hanyar Kaduna, ba su tambayi kowa ko shi jikan Bawo ne ko na Karɓagari kafin su ɗauke shi ba. A harin Gwaska na 2018 maƙwabtanmu ne suka kwanta dama. Bayan sulhun da aka yi a Nuwamba 2024, har aka sake buɗe kasuwar shanu, wasu sun fara komawa gonakin da suka bari. Can ne maganar asali take zama da haɗari, domin idan iyaka ta ɓace cikin ciyawa kuma tsohon da ya san ta ya rasu a gudun hijira, kowa sai ya jawo labarin kakansa ya kafa hujja da shi.

Asarar da ta fi damunmu ita ce wannan. Yaranmu suna iya lissafa 'ya'yan Bawo shida saboda jarrabawa, amma da yawansu ba su san sunan kakan mahaifinsu ba, balle tsohon ƙauyen da gidansu ya taso. Wasu ma kunyar yin Gbagyi suke yi a kasuwa. Wannan ba laifin Daura ba ne. Mutanen Daura sun adana rijiyarsu, suna nuna ta ga baƙi har yau, mu kuwa mun bar namu a bakin tsofaffi, tsofaffin kuma suna ƙarewa.

Don haka muna roƙon dattawa abu ɗaya. Kafin taronmu na gaba, kowane gida ya zaunar da mafi tsufa a cikinsa, namiji ko mace, a sa yaro mai karatu ya rubuta sunayen kakanni iyakar inda aka tuna, da garuruwan da aka zauna, da gonakin da aka noma, da waɗanda aka yi iyaka da su, ko Musulmi ne ko Kirista. Kada a manta da ɓangaren uwa, domin shi ne ake fara yarwa. Wanda ba shi da littafin rubutu ya ga sakatare bayan an tashi. Mahaifin yarinyar nan ya riga ya fara nasa, kuma ita ce take riƙe masa biro.